Labari Cikin Labari: Daga Amicus Zuwa Akun Imam

A 1965 kamfanin Amicus na Ingila ya fitar da Dr. Terror's House of Horrors, inda Peter Cushing ya duba wa fasinjoji biyar makomarsu a jirgin ƙasa, kowanne da labarinsa mai firgitarwa. Hikimar ta tattali ce: a ɗauki fitaccen ɗan wasa na 'yan kwanaki, sunansa ya sayar da fim. A 1981 The Monster Club ya gauraya tsoro da raha, ya ba Vincent Price da John Carradine aiki da tsufansu. Wanda ya tashi a Rano ko Kibiya da tatsuniyar Dodo, ya karanta Magana Jari Ce, ya san wannan zubi. Kannywood, wadda dattawanta ke zaman jiran kira, tana da abin koyi a nan.