Daga Hatimin Alkashinawi Zuwa Darasin Kwamfuta

Mai karatu, koyon lissafi da baƙon harshe ba yau aka fara shi a ƙasar Katsina da Daura ba. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan tsara lambobi cikin hatimi, yadda ko ta wane ɓangare aka tara su, jimillar ɗaya ce. Ya bayyana matakan aikin daki-daki: fara daga wannan gida, matsa zuwa wancan, in ka tarar an cike shi ka koma nan. Irin wannan jerin umarni shi ne ƙashin bayan ilimin kwamfuta, kuma sunan da Turawa ke kiransa da shi ma daga sunan Alkawarizmi na Bagadaza suka aro.

Da Larabci malamin ya yi rubutunsa, amma a zauren malamanmu ba a barin almajiri da Larabci tsagwaronsa. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, har ma'ana ta zauna. Ko Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, da ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, da Hausa aka fara koyar da lissafi a cikinta. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, ita ta ɗora Ingilishi bisa karagar mulki, tun daga nan kuwa ilimi mai zurfi ya zama sai da shi.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa. Ta ilimin kwamfuta ta biyo baya a 1988, darasin kuwa da Ingilishi ya shigo aji. Sai yaro a Mai'aduwa ko Zango ko Ɓaure ya haddace ma'anar da aka rubuta a allo, ya zuba ta a jarrabawa kamar karatun aku. Ana yawan kukan rashin na'ura da wutar lantarki. Gaskiya ne, amma wannan fanni tunani ne, da alli da tsakuwa ma ana koyar da shi.

Dubi labarin rijiyar Kusugu. In ranar Juma'a ce a ɗebi ruwa, in ba ita ba a haƙura. Kowane ɗan Daura ya san wannan sharaɗi tun yana goye, kuma shi ne dai darasin "in kaza, to kaza" da ke gagararsa a aji. Ban ga laifin yaron ba.

A 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta amince a koyar da shekaru shida na firamare da harshen uwa. A 2025 aka soke wannan manufa, aka koma wa Ingilishi. Cikin shekaru ukun nan, mu marubuta nawa ne muka zauna muka rubuta wa ɗan aji huɗu littafin kwamfuta da Hausa?