Faifai ko Rumbu: Ina Sauti Yake Zubewa a Kwarin Komadugu?

Masu tsananin son tsabtar sauti a Turai da Japan sun daɗe suna gardama: na'urar faifan CD ce ta fi, ko rumbun waƙoƙi, wato kwamfutar da aka keɓe don ajiye kiɗa da kunna shi? Daga Tumur ko Difa, sai gardamar ta yi kama da ta masu ƙoshi. Amma tana da amfani, domin tana tilasta mana gano inda sauti yake lalacewa.

Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, lambobi yake ɗauke da su. Ana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, abin da ke ba da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa. Idan aka kwashe lambobin daidai zuwa rumbu, a tsari irin FLAC da ba ya zubar da komai, abin da ke cikin rumbun shi ne ke kan faifan, ba ragi. Bambancin da kunne zai iya ji yana zuwa ne daga baya, a sashen da ke mayar da lambobi sauti, da amfilifaya, da lasifika. A ganina, masu cewa faifai ya fi "rai" galibi na'urarsu mai tsada suke yabo.

Rumbunmu a nan katin memori ne. Mai tura waƙa a kasuwa yana cika shi daga kwamfutarsa, yawanci da MP3. MP3 mai kilobit 128 kusan kashi ɗaya cikin goma sha ɗaya ne na nauyin asali. Turawa daga waya zuwa waya ta Bluetooth ko Xender ba ta rage komai; ɓarnar tana wajen matsewa, musamman in an ciro waƙar daga bidiyo aka sake matse ta. Kaifin algaita sai ya dushe, bugun ganga ya zo da ɗan shuu a gabansa, lasifikar waya kuma ta haɗiye kaurin sautin gaba ɗaya.

A ɗauki biram, garayar Buduma masunta na Tafkin Chadi mai tsirkiya biyar. Mawaƙi Malam Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya koye ta wajen Bukar Tar, kuma kamfanin World Music Network ya fitar da faifan Barka a 2009. Daɗin biram yana cikin amon da ke jan jiki bayan an saki tsirkiya, irin abin da ƙaramar lasifika ba ta iya fitarwa. Yaron da ya ji ta a waya kawai ya san karin waƙar, bai san muryar garayar ba.

Duk da haka faifai ba ya jure ƙasarmu. Ƙurar hunturu tana rufe idon na'ura, yashi yana karce faifai, zafin Afrilu yana wuce digiri 40. Rumbu mai terabayit ɗaya yana ɗaukar faifai kusan 1,400 ba tare da matsewa ba, irin wanda ba shi da abin juyawa a ciki kuwa ƙaramin farantin sola ya ishe shi. Haɗarinsa ɗaya ne, kuma babba: ranar da ya mutu, da komai yake tafiya. Gidan rediyon da zai koma rumbu sai ya kwashe daga faifan asali, ya ajiye kwafi na biyu a wani gari, faifan kuma ya koma akwati.