Annobar Korona da Hukuncin Likitocin Ciwon Daji a Ingila, 2020

Ciwon da Hausawa ke kira daji, ko kuma sankara, ba ya jiran kowa. Sunan ma kansa kinaya ne, don an sakaya shi ne saboda tsoron ambatonsa. Likitoci na fuskantarsa ta hanya uku: ko su yi fiɗa su cire kumburin, ko su gasa shi da na'urar haske, ko kuwa su ɗura wa majiyyaci magani mai ƙarfi a jini, wanda suke kira kemoterafi. Shi wannan na ukun yakan kashe fararen ƙwayoyin jini tare da na cutar, ya bar mutum da raunin garkuwar jiki. To, sa'ad da annobar korona ta game duniya a shekarar 2020, sai likita ya sami kansa gaba kura baya sayaki. In ya ba da magani, ya buɗe wa annoba ƙofa, in kuma ya hana, daji ya ci gaba da cin mutum.

Hujjar farko da aka samu daga ƙasar Sin ta fito. A watan Fabrairu na 2020 mujallar Lancet Oncology ta buga rahoton mutum 1,590 waɗanda suka kamu da korona. Daga cikinsu 18 ne kaɗai masu ciwon daji, 7 kuwa daga cikin 18 ɗin nan ciwo ya tsananta musu ƙwarai, ko an kai su sashen kulawa ta musamman ko sun rasu. Masu rahoton suka ba da shawara a jinkirta wasu magunguna da fiɗar da ba ta gaggawa ba. Mutum 18 ba su isa a gina hukunci a kansu ba, amma a lokacin ba a da wani abin da ya fi wannan, ga shi kuma asibitocin arewacin Italiya sun cika sun batse a kan idon kowa.

Cikin watan Maris hukumar NICE, wadda ke shata wa likitocin Ingila ƙa'idodin magani, ta kasa masu shan maganin daji kashi shida. A sahun farko akwai waɗanda ake sa ran warkewarsu da fiye da kashi 50 cikin ɗari. A sahun ƙarshe kuwa akwai waɗanda magani ba zai warkar da su ba, sai dai ya sassauta musu, ya ƙara musu kwanakin da ba su kai shekara guda ba. In ma'aikata ko gadaje suka yi ƙaranci, daga ƙasa za a fara ragewa. Lalle likitoci sun daɗe suna irin wannan awo a zuci, amma yanzu sai ga shi a rubuce, kowa na iya karanta matsayinsa. Aka riƙa musanya maganin ɗurawa da ƙwayoyin sha a gida, aka tsawaita tazarar zuwa asibiti, ganin likita kuma ya koma ta wayar tarho.

Ba a jima ba sai hujja ta fara juyawa. A ƙarshen watan Mayu aka buga binciken masu ciwon daji 800 da suka kamu da korona a Birtaniya. Mutum 226 suka rasu, watau kashi 28 cikin ɗari, adadi mai ban tsoro. Sai dai da aka tsefe lissafin, aka ga tsufa da sauran cututtukan da mutum ke ɗauke da su, irin su hauhawar jini da ciwon zuciya, su ne kan gaba wajen kisa. Waɗanda aka yi wa kemoterafi cikin mako huɗu kafin su kamu ba su fi saura mutuwa ba. Fiɗa ce tsoronta ya tabbata, domin wani rahoton na majiyyata 1,128 da aka yi wa aiki suna ɗauke da korona ya nuna kusan kashi 24 cikin ɗari sun rasu cikin kwana 30. Sa'an nan a watan Nuwamba mujallar BMJ ta nuna cewa kowane jinkirin mako huɗu na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari, gwargwadon irin ciwon da irin maganin. Ashe abin da aka ɗauka kariya ce shi ma yana da nasa ramin.

Canjin da ya fi tsayawa da gindinsa shi ne na gashin dajin mama. Ada mace kan je asibiti sau 15 cikin mako uku. Tun daga 2011 zuwa 2014 an shigar da majiyyata fiye da 4,000 cikin wani gwaji mai suna FAST-Forward, don a ga ko zuwa biyar cikin mako guda zai wadatar in an ƙara ƙarfin kowane gashi. Sakamakon ya fito a watan Afrilu na 2020, daidai lokacin da kowace tafiya asibiti ta zama kasada, ya kuma nuna cewa bayan shekara biyar gajeruwar hanya ba ta gaza doguwar ba. A Afrilun 2019 da ƙyar ake samun mai bin ta a Ingila, ko kashi ɗaya cikin ɗari ba a kai ba. A Afrilun 2020 kuwa an haura kashi 60. Bisa al'ada sabon abu irin wannan yakan ɗauki shekaru kafin asibitoci su karɓe shi. Annoba ta hanzarta karɓarsa, amma aikin tabbatar da shi an yi shi ne a natse, shekaru tara kafin nan aka fara, shi ya sa bayan annobar ta lafa ba a koma wa tsohuwar hanya ga yawancin waɗannan mata ba. Hana kemoterafi kuwa, wanda aka kafa bisa mutum 18, tun kafin shekarar ta ƙare aka sassauta shi.