Badagiri: Garin Bakin Teku Da Ya Adana Tarihinsa

Ya ku 'yan uwa, musamman mazauna Ikko, da yawa daga cikinmu sun san Badagiri a matsayin garin da ake wucewa a kan hanyar iyakar Seme, ko wurin shan iska a inuwar kwakwa ranar hutu. Amma wannan ƙaramin gari na ƙabilar Egun yana riƙe da wani babi na tarihinmu wanda ya kamata mu sani.

Kafin zuwan mulkin Turawa, Badagiri na daga cikin tashoshin da ake lodin bayi zuwa ƙasashen Amurka. Ko da Ingila ta haramta wannan ciniki a 1807, bai tsaya nan take ba, domin Barazil ba ta soke bauta ba sai 1888. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 a ƙasar Hausa da ƙasar Yarbawa sun yawaita kamammu, aka riƙa sayar da su hannu zuwa hannu har bakin ruwa. Hausawa da dama sun bi ta tashoshin wannan gaɓa suka ƙare a Bahia ta Barazil. A can aka bankaɗo shirin boren bayi Hausawa a 1807, kuma akwai Hausawa cikin Musulmin da suka tayar da bore a watan azumi na 1835. Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: mai saye Bature ne, amma masu kamawa da sayarwa namu ne.

Maziyarci zai fara da gidan tarihi da ke tsohon ofishin Di'o, wanda aka gina a 1863, shekarar da garin ya shiga hannun Ingila. Nan da gidan iyalin Mobee zai ga sarƙoƙi da marin da ake sa wa bayi. Daga nan sai kurkukun Seriki Williams Abass, mutumin da aka kama shi bawa, ya sami 'yanci, shi ma ya shiga fataucin bayi, ya rasu a 1919. Sarautar tasa ta Seriki daga kalmarmu ta Sarki aka aro ta. Sai kuma a shiga kwale-kwale a haye zuwa tsibirin Gberefu, a taka rairayi har zuwa bakin teku, inda ake kira mashigar da ba a dawowa. A kan hanyar akwai rijiyar da mutanen garin ke cewa wanda ya sha ruwanta yakan manta gida.

Akwai kuma benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ya shahara da sunan bene na farko a Nijeriya, da wurin da itaciyar Agia take, inda aka yi wa'azin Kirista a 1842. Itaciyar ta faɗi a 1959, amma an kafa alama a gurbinta. Kada mu manta, daga Badagiri ne Clapperton ya taso a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma a can ya mutu a 1827. Yaronsa Richard Lander ya komo Badagiri, aka tuhume shi da leƙen asiri, aka ba shi guba ya sha, Allah bai yi kwanansa ya ƙare ba.

To, ina darasin? Mutanen Badagiri ba su ɓoye tarihinsu ba, mai daɗi da marar daɗi. Sun adana shi, yau ga baƙi na zuwa, matasansu na samun abinci da aikin yi wa baƙi jagora. Mu kuwa ganuwarmu tana zubewa, ana ɗibar ƙasarta ana gini, dattawan da suka san labari suna ta ƙarewa. Da sauran zafi ake bugun ƙarfe. Ina roƙon ƙungiyarmu ta kafa kwamitin da zai naɗi bayanan tsofaffi, a kuma killace abin da ya rage. Ku da ke Ikko, ku kai 'ya'yanku Badagiri su gani da idonsu, domin gani ya kori ji.

Allah Ya sa mu dace, amin.