Yadda ƙugiyar Hausa ta shiga kwamfuta

Masu buga takardu a shagunan kwamfuta na Gumel, inda ɗaliban Kwalejin Ilimi ke kai aikinsu, sun san wannan ciwon kai: a buga "ƙasa" a wata na'ura, a buɗe a wata, sai ɗan akwati ya fito a gurbin harafin farko.

Matsalar ta girmi kwamfuta. A 1912 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya tsara ƙa'idojin boko yana sa waƙafin sama kafin b, d da k. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ɗigo ya sa a ƙarƙashinsu. Ƙugiyar kuwa daga Zariya ta bazu, ta hannun Rupert East, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta sa ido ya saba da ita.

Sai kwamfuta ta zo daga Amurka da tsarin ASCII na 1963, mai gurabe 128 kacal, babu ko ɗaya na Bahaushe. A shekarun 1990 Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera zubin haruffa mai suna Rabi'at, marubutan Kano suka samu sa'ida. Amma da sharaɗi: wanda aka aika wa rubutun dole shi ma ya sa zubin a na'urarsa, in ba haka ba ya ga shirme.

Abin mamaki, tun 1991 tsarin Unicode ya ba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ lambobinsu na dindindin. Lamba dai ba sura ba ce. Sai mai zana haruffa ya zana ƙugiyar kafin ta bayyana, kuma da yawa ba su damu ba. Abin ya fi tsanani a baƙin allon da masu rubuta manhaja ke ba kwamfuta umarni, inda kowane harafi ke da faɗi ɗaya. Shi ya sa manhajar kirki kan bayyana abubuwan da ta dogara a kansu: tsarin UTF-8 na Unicode, da zubi irin DejaVu Sans Mono.

A Maigatari, kan iyakar Najeriya da Nijar, akwai ƙarin aiki. Najeriya na rubuta 'ya'ya, Nijar na rubuta ƴaƴa, don haka mai neman kalmar a kwamfuta sai ya buga ta sau biyu.