Daga Manakha zuwa Mol: Sunayen Kasuwa a Madina

Alhajin da ya fito daga Masallacin Annabi (SAW) yana neman tsaraba, da wuya ya yi nisa bai ci karo da shagon dabino ko na darduma ba, domin yawancin otal-otal ɗin tsakiyar Madina ƙasansu shaguna ne. In kuwa ya tari tasi ya ce a kai shi babbar kasuwa, tana yiwuwa direba ya tambaye shi wane mol yake so, Al Noor ko Al Rashid. Larabawa sun karɓi kalmar nan ta mol, kamar yadda ta zauna a bakin Kanawa tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014.

Asalinta ba ruwansa da ciniki. Wani wasa ne na Italiya mai suna pallamaglio, inda ake dukan ƙwallon katako da guduma mai doguwar ƙota har ta shige zoben ƙarfe a ƙarshen fili. Wasan ya bi ta Faransa ya isa Ingila, aka gyara masa wuri a Landan wajen 1660, zamanin Sarki Charles na Biyu. Da aka daina wasan, sunan, a gajarce Mall, ya maƙale wa hanyar mai inuwar bishiyoyi da manya ke shan iska a kanta, wadda yau ta miƙe har Fadar Buckingham. A 1956 aka buɗe Southdale a jihar Minnesota ta Amurka, zanen Victor Gruen ɗan asalin Ostiriya: shaguna birjik a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba zafi ba sanyi. Ba a jima ba sunan wurin shan iska ya koma na irin wannan gini.

Tarihin da ya fi kama mini zuciya shi ne na sunan da Madina ta raɗa da kanta. Lokacin Hijira, a 622, fitacciyar kasuwar garin ita ce ta Banu Kainuƙa, Yahudawa maƙeran zinariya. Manzon Allah (SAW) ya zaɓar wa Musulmi wani fili a yamma da masallacinsa, ya yi umarni kada a ƙuntata shi, kada kuma a ɗora masa haraji. Ba rumfa, ba gini. Wanda ya riga zuwa shi ke da wuri a ranar. Daga baya aka san filin da Manakha, wato inda ake gurfanar da raƙuma a sauke musu kaya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya tarar da wani maƙeri ya gina murhu a ciki, ya rushe shi, don yana cin filin jama'a.

Da mulki ya kai hannun Hisham ɗan Abdul Malik na Banu Umayya, gwamnansa ya zagaye kasuwar da gini, aka yi shaguna ana karɓar haya. Marubuta tarihin Madina irin su Samhudi sun kawo cewa da labarin rasuwar Hisham ya iso, a 743, mutanen gari suka far wa ginin suka rushe. A ganina sun fahimci abin da ake shirin raba su da shi: a fili, tsohuwa mai kwandon dabino tana da haƙƙi daidai da na attajiri, amma a shagon haya sai mai jari. Kowane mol a yau kan tsarin haya yake, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba ya samun shiga sai a matsayin mai saye.

Mu Hausawa muna da rabo a wannan tarihi. Masana harshe irin su Joseph Greenberg sun danganta kalmar kasuwa da kasugu ta Barebari, ita kuma da suk ta Larabci, kalmar da har yau ake kiran kasuwar dabino ta Madina da ita.

Manakha kanta ta ci gaba da ci ƙarni bayan ƙarni, ayarin alhazai na sauka a cikinta, har zuwa faɗaɗa masallaci da Sarki Fahad ya fara a shekarun 1980, wadda ta haɗiye tsofaffin unguwannin tsakiyar gari. Masallacin Gamama, da ke wajen bakinta na kudu, yana nan, kuma hanyar mota ta ƙarƙashin ƙasa da ta ratsa wurin ana kiranta Nafaƙul Manakha.