Ranar da aka yanke kambin Formula 1 a ƙasar Afirka

1/ 'Yan uwana na Lakwaya da Gwarzo masu bin Hamilton a waya, kun san an taɓa yanke gwarzon duniya a nahiyarmu? Ku biyo ni.

2/ Maroko ta samu 'yanci a 1956. Shekara ɗaya bayan haka aka shirya filin tseren Ain-Diab a bakin tekun Kasabalanka, kan titunan gari, tsawonsa kilomita 7.6.

3/ Ranar 19 ga Oktoba 1958 aka yi tseren ƙarshe na kakar a can. Stirling Moss ya zo na ɗaya. Amma Phil Hill ya ba abokinsa na Ferrari, Mike Hawthorn, hanya ya zo na biyu. Da maki ɗaya tal Hawthorn ya ɗauke kambin, 42 da 41.

4/ Murnar ba ta cika ba. Motar Stuart Lewis-Evans ta kama da wuta, ya rasu bayan kwana shida. Daga ranar Formula 1 ba ta sake komawa Maroko ba.

5/ Afirka ta Kudu ta riƙe nata har 1993 a Kyalami. Tun daga nan, shiru.

6/ A Disamba 2024 Ruwanda ta ce tana neman tseren. Madalla. Amma Ain-Diab ta nuna gina fili ba shi ne wahalar ba. Kafin a tafa, a tambaya: wa zai biya kuɗin shekara ta biyu?